Kwalekwalen da Ka Bari a Tsakar Gida

Zuwa ga maigidana, Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabi irin wanda ya kamaci mace ga mijinta, ina fata kana cikin rahamar Ubangiji, makwancinka da yalwa da haske. Ban taɓa kiran sunanka ba kana raye, ba kuwa zan fara yau a gaban masu karatu ba. Su yi haƙuri da Malam ɗin, kai ka san da kai nake.

Dalilin wannan takarda shi ne in sanar da kai kwalekwalenka ya hau ruwa. Na ga ya dace ka ji daga bakina, tunda duk garin nan babu wanda ya kai ni yi maka tsiya a kansa.

Ka tuna yadda abin ya faro. Shekarar da taki ya gagari talaka ce, kwanon masara ya zama abin da ake tambayar farashinsa a wuce. Gonar da ka gada kuwa, mutum yana wannan kan zai yi hira da na wancan kan ba sai ya ɗaga murya ba. Kafintancinka ma ya tsaya, don mai neman na tuwo ba ya sayen benci. Sai ka ga wani bidiyo a wayar maƙwabci, wani mutum yana haɗa kwalekwale a bayan gidansa. Ka dawo ka ce mini ga dam ɗin Watari nan kusa da mu cike da kifi, mu kuma muna zaune muna kallon sama. Ka ce kun gama magana da Ilu masunci, wanda nasa jirgin ya ruɓe: kai ka ƙera, shi ya shiga ruwa, a raba abin da Allah ya kawo.

Na yi dariya har da riƙe ciki. Kai da ko rafi za ka tsallake sai ka naɗe wando ka yi ta bismilla.

Ka sayar da tumakinka, har da na Inna mahaifiyarka, ka tafi birni. Ka dawo da katako, da gwangwani biyu na gam ɗin da ake kira ifoksi, babba da ƙarami, da wani farin yadi mai sheƙi wai shi faiba. Na taɓa shi na ce wannan ai ko ɗankwali ba zai yi ba. Kwana na yi ina susa, ƙaiƙayinsa ya fi na gero.

Ban manta langata ba. Da rana tsaka a cikin bazara ka dama gam ɗin farko a cikinta, ba ka tambaye ni ba, ka kuma ɗauki ludayina kana juyawa. Kafin ka nemo buroshi abin ya ɗauki zafi, ya fara hayaƙi, ya daskare da ludayin a tsaye. Ka tsaya kana kallonsa kamar wanda aka yi wa sata a masallaci. Tun daga ranar ka kafa doka, kana maimaita ta ko ba a tambaye ka ba: “Biyu daga babba, ɗaya daga ƙarami, kuma da sanyin safiya.” Langar tana nan a kan kantar ɗakina, ludayin bai motsa ba.

Mutanen majalisa suna tambayarka yaushe ɗufanar za ta zo, su tanadi wurin zama. Kai kuwa wucewarka kake yi. Sai ka shigo gida ka shafa gefen katakon da ka riga ka shafe da gam, ka ce mini: “Wannan ruwa ba ya shigarsa, gara ba ta cinsa.” Ni kuma in ce to Allah ya sa mu ci kifin da haƙoranmu.

Saura katako biyu na cikinsa ka kafa. Ka shafe su da gam ciki da baya, ka jingina su a jikin rumbu su bushe. A makon ne amai da gudawa ya shigo gari tare da ruwan farko. Ka fita duba shuka, ka dawo kana riƙe da ciki. Kafin a sami motar da za ta kai ka asibiti, an gama.

Akwai abin da ba ka sani ba, shi nake so in gaya maka. Kafin kai an binne mutane da yawa a kwanakin nan, itacen da ake jerawa a rufe kabari ya ƙare. Ka san garinmu, kowace bishiya da mai ita, darbejiyar maƙabarta kuma an sassare ta tas. Yaya Sale, wanka, ya shigo yana dube-dube a tsakar gida, idonsa ya faɗa kan katako biyun nan na jikin rumbu. Ba wanda ya ce a'a. Da zartonka aka yanyanka su gajeru-gajeru, daidai faɗin ramin.

Ina ɗaki, mata sun kewaye ni suna kuka, ni kuwa zarton nake saurare. Abin da ya zo mini a rai kawai shi ne mai yankan bai iya ba, dannawa yake yi, da kana nan da ka karɓe daga hannunsa. Ban yi kuka ba. Mata suka ce tawakkali ne, suna ta sa mini albarka. Ba tawakkali ba ne, Malam. Ban ji komai ba ne.

Haka na yi takaba. In tashi, in yi salla, in dafa abin da ya samu, in ba yara, in zauna. Kwalekwalen yana kife a kan tsofaffin turame a tsakar gida, an lulluɓe shi da leda, da giɓin katako biyu a cikinsa. Kaji suka mai da ƙarƙashinsa gidan ƙwai. Damina ta yi ruwa kamar ba za ta ɗauke ba. Duk lokacin da gida ya yi shiru sai in ji ƙarar zarton nan a kunnena, ko ina tankaɗe, ko ina kan sallaya.

Da na fita takaba aka zo rabon gado. Malamin da ke rabo ya zagaya kwalekwalen ya rasa a wane layi zai sa shi. Yaya Sale ya ba da shawara a ɓaɓɓalle shi a sayar wa masu yin ƙofa, ko banza marayu sa sami na sabulu. Ba da mugunta ya faɗa ba, kowa ma abin da ya gani ke nan. Ni aka ware mini tumunina: akuyoyin nan da ɗan geron da ya rage a rumbu. Daga bayan labule na aika a gaya musu na bar akuya da gero a cikin rabon Inna da yara, a ba ni kwalekwalen da ragowar gam.

Aka aiko a sake tambayata, ko ban fahimta ba. Yayata ta ce na saki reshe na kama ganye, idan abin nan ya yi yoyo na tashi a tutar babu, ga yara a gabana. Gaskiya ta faɗa. Kada ka ɗauka don soyayya na yi, ko don na yarda da aikinka. Ni dai ba zan iya sake jin zarto a jikin katakon nan ba, shi ke nan.

Sai maganar cike giɓin. Katako irin wanda ka saya ya fi ƙarfina. Ina kwance ina kallon rufi sai na lura da gadon da nake kai, wanda Babana ya sa aka yi mini da zan tare a gidanka. Katakon gefensa biyu dogaye ne, masu kauri, ba su taɓa ko tsagewa ba. Na sauke katifa ƙasa. Yaya Sale ya shigo da Ilu, suka fere su, suka kafa su a inda naka za su zauna. Faɗinsu bai kai ba, sai da aka ƙara da wani siririn katako daga kan gadon. Ilu bai tambayi inda na samo su ba, amma ya ga zanen furen da ke jiki, ya sunkuyar da kai.

Sauran aikin ni na yi. Da na girgiza gwangwanayen na ji abin da ya rage ba zai ba ni damar kuskure ba, ba kuma ni da tumakin sayarwa. Na wanke gwangwanin madara na mai da shi ma'auni. Da an idar da sallar asuba, gari ya fara haske, sai in fito. Biyu daga babba, ɗaya daga ƙarami. Na dama da garin katako ya yi kauri kamar kunu, na cike duk wata tsaga. Na goge da samfefa har yatsuna suka daina jin zafin tukunya.

Yadin faiba kuwa bai ba ni wuya ba. Shekara nawa ina yanka atamfar mutane? Na auna shi da kamu, na yanka da almakashin ɗinkina, na shimfiɗa, na bi shi da buroshi daga tsakiya zuwa gefe don kada iska ta maƙale. Inda ya tattare a kusurwa na tsaga shi na ɗora wani a kan wani, yadda ake yi wa wuyan riga. Yana shan gam sai farin ya ɓace, katako ya fito ta ƙarƙashinsa, har da furen gadona. A wajen hancin jirgin na ga inda ka yi naka, duk ƙuraje, ka bar iska a ciki. Na ce a raina ai ga shi nan, ɗinki ba aikin kowa ba ne. Na juya in gaya maka.

Na kankare gwangwani har ƙasa kafin shafe na ƙarshe ya kai. Almakashin ya dakushe, bai ƙara yanka zane ba.

Ranar fitar da shi maza suka ɗauke shi a kafaɗa, suka karkata shi, ya wuce ta zaure ba tare da ya goga bango ba. Ashe ka auna ƙofar tun kafin ka fara, wannan kam na ba ka. Ranar da aka fitar da kai ta ƙofar nan ina ɗaki, ban gani ba. Wannan na tsaya na gani har ya fice.

Na sa hijabi na bi amalanken shanun da aka ɗora shi a baya, ta cikin gonakin masu noman rani, ana dashen albasa da tumatir. A bakin ruwa Ilu ya yi bismilla ya tura shi. Ya sa aka loda masa buhunan yashi, ya hau, ya tuƙa har ya zama ɗan ɗigo, ya daɗe a can yana jujjuya shi da gangan. Masu tambayar ɗufana suna tsaye a gefe suna kallo.

Da ya dawo na tuɓe takalmi na shiga ruwa zuwa idon sawu. Na sa aka ɗaga buhu, na shafa katakon gadona da tafin hannu, na bi layin haɗin da yatsa daga farko har ƙarshe. A bushe yake. Mutane suka yi ta hamdala, ni ma na yi da baki. Na leƙa zuciyata ko zan sami murna, ban tarar da komai ba sai tunanin ko na rufe kaji kafin in fito.

A hanyar dawowa Yaya Sale ya rage tafiya har na iso shi. Bai dube ni ba. Ya ce bayan ɗaukewar ruwa sun yi gayya sun je gyaran maƙabarta, don kaburburan da aka yi a makon annobar duk sun rufta. Da ɗanyen reshe da kara aka rufe su cikin gaggawa, ruwa da gara suka cinye. Ya ce sun bi layin nan kaf suna cikowa da ƙasa. Naka kaɗai suka tarar yadda aka bar shi, ko tsagewa bai yi ba.

Muka ci gaba da tafiya a bayan shanu.

Ashe gaskiyarka, Malam. Ruwa bai shiga ba, gara ba ta ci ba. Duk daminar nan da nake zaune ina kallon ruwa yana zuba, ban taɓa barin kaina ya yi tunanin inda yake gangarawa ba. Ashe kana can a bushe, a ƙarƙashin aikin hannunka.

Yanzu Ilu yana aiko da rabonmu, wata rana karfasa, wata rana tarwaɗa, wata rana haƙuri. Yara suna ci da haƙoransu. Inna ta ce in gaya maka ta yafe maka tumakin. Har yau kukan bai zo ba, na daina jiransa, in ya ga dama ya san gidan. Amma tun daga ranar nan ban ƙara jin zarton ba.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya sa kabarinka ya zama dausayi daga dausayoyin Aljanna. Ya jiƙan waɗanda ke kwance a layinka, ya ba nasu haƙuri. Ya tsare Ilu a kan ruwa, ya raya mana yaran nan. In tawa ta zo, Allah ya sa in cika da imani, ya sada mu a inda ba a rabuwa.

Wassalam.

Matarka, wadda har yanzu take bin ka langa,
Hindatu