Mai Daddawar da Aka Ɓoye Sunanta

Zuwa ga Malama Balkisa, a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara da abokan aikinki na buro. Idan kin tambayi mutanen Tsarnawa, suna nan ƙalau, an gama girbi, gero ya yi daidai gwargwado. Idan kuma ni kike tambaya, to sai ki ci gaba da karantawa.

Sau uku na kira ki ba ki ɗaga ba. Na aika miki saƙon murya, na ga kin saurara, kin yi gum. Shi ya sa na kawo wasiƙar nan inda kowa zai gani. Kada ki ce na tona asiri, ba wani asirin da ya rage mini. Kin riga kin raba shi a ƙofar gidan maigari.

Kin san ni, amma bari in tuna miki, don na ga alamar kin manta. Ni ce wadda kuka zauna benci ɗaya da ita a lakwal. Ni na tsaya a aji shida, ke kika wuce koleji a Ƙonni, daga can sai Yamai. Ranar da muka ƙulla ƙawance, Iyata ce ta kai wa mahaifiyarki ƙwaryar daddawa cike fal. Iya ta rasu, ta bar mini tukunyarta da sana'arta, da su nake ciyar da 'ya'ya uku tun rasuwar babansu.

Ba sai na koya miki aikin ba, kin sha taya mu. A dafa gurguzun yakuwa wuni guda, a daka, a rufe shi ya kwana biyu ko uku, sannan a buɗe a sansana. A nan sana'ar take. In an yi gaggawa ba ta nuna ba, in an makara ta lalace. Kin tuna abin da Iya ke cewa: "Mai daddawa da hanci take gani."

To, shekarar korona na kwanta. Da zazzaɓi ya ƙi sauka aka kai ni asibiti a Ƙonni, aka zura mini wani ɗan tsinke a hanci, aka ce ita ce. Na dawo gida na ce wa mutane masassara ce, don kin san yadda ake kallon masu wannan ciwo a lokacin. Tari ya tafi, ƙarfi ya dawo. Ran da na buɗe tukunyata ta farko na sa hanci, ban ji komai ba. Wallahi komai. Na ɗauko albasa na yanka, ido ya yi hawaye, hanci shiru. Na buɗe akwati na ɗauko zanen Iya da nake ajiye da shi saboda ƙamshinta, na tusa fuskata a ciki, sai ka ce na ɗauko shi daga kanti.

Ban faɗa wa kowa ba. Tukunya biyu na ɓata, na binne su a bayan gida. Daga nan na koya wa hannuna aikin hanci. Ina sa bayan hannu in ji ɗuminta, in murza tsakanin yatsu in ga yauƙinta, in duba yadda launi ya juya. Shekara biyu da 'yan kai ina haka. Hajiya mai tuwon tasha, wadda ke ɗaukar rabin abin da nake yi, ko sau ɗaya ba ta ce miyarta ta canja ba.

Sai ga ki a cikin farar mota kat-kat, da jaka da kaye da bik na rubutu. Kika ce bincike kuke yi kan waɗanda suka tashi daga ciwon, a san abin da ya bar musu a jiki da yadda zamansu da jama'a ya koma. Kika ce a littafin asibiti kika ga sunana. Na yi niyyar musawa. Amma kika rungume ni, ni kuma na ja numfashi ina neman ƙamshin humrar da na san ki da ita tun muna 'yan mata, ban same shi ba, sai kuka ya ƙwace mini. Da wani baƙo aka turo, da na ce lafiyata lau, na ba shi ruwa ya sha ya tafi. Sun san abin da suke yi da suka turo ki. Da ɗan gari akan ci gari.

A ɗakina muka zauna, kika tura ƙofa da kanki. Kika karanta mini takarda, kika ce sunana ba zai fito ba, lamba za a sa mini, ko shugabanku ba zai san ni ba. Na sa hannu. Kika ajiye waya tana ɗaukar muryata, na zazzage miki cikina kaf. Har na yi miki barkwanci, na ce hancina ya riga ni zuwa lahira, muka yi dariya har da tafawa. Akwai tambayar da kika yi mini kusa da ƙarshe, wai ko mutane sun guje ni bayan ciwon. Na ce a'a, alhamdulillahi, ba wanda ya guje ni. Na ga lokacin da kika sa alama a gidan a'a. Kika ci tuwo da miyar kukata, kika suɗe hannu, kika tafi.

Bayan damina kuka dawo, wai kun zo ku mayar wa jama'a abin da kuka gano. Na ji daɗi, na ce waɗannan mutanen kirki ne, ba su ci sun goge baki ba. Na sa atamfata ta Salla na je ƙofar gidan maigari na zauna a tabarmar mata. Lokotoronku, wato likitan da kuka zo da shi, yana magana da Faransanci, ke kina riƙe da lasifika kina juyawa da Hausa.

Kin cika alkawari, ba zan yi miki ƙarya ba. Ba ki faɗi sunana ba. Cewa kika yi, wata mata a garin nan, mai shekara arba'in da wani abu, mai sana'ar daddawa, har yau ba ta jin ƙamshi ko wari.

Haba Balkisa! Mu nawa ne masu daddawa a garin nan? Mu biyu ne, kuma ɗayar ta yi jika da tattaɓa kunne. Kamar hakan bai isa ba, kika ƙara da cewa matar ta ce hancinta ya riga ta zuwa lahira. Maza suka kwashe da dariya. Matan da ke tabarmata ba su yi dariya ba, juyowa suka yi. Wadda ke kusa da ni ta ja ɗanta ta matsa.

Lokotoron ban riƙe shi a zuci ba. Baƙo ne, a wurinsa mai daddawa a Tsarnawa kamar a ce mai babur a Yamai ne. Ke fa? Ke da kika san kowace ƙofa a garin nan? Takarda tana hannunki, harshe naki ne. Da kin tsallake layin nan ɗaya, wa zai sani? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kuma duk bayanin da na yi miki na yadda hannuna ya koyi aikin, wanda shi ne abin da nake alfahari da shi, ko kalma ɗaya ba ki karanta ba.

Kwana biyu bayan tafiyarku Hajiya ta dawo mini da kwando. Ta ce miyarta ta yi wani iri. Daddawar da ta shekara biyu tana yabo! Yanzu daga Ƙonni ake kawo mata. A bakin famfo wasu na jan mayafi su rufe hanci in na iso. An ce ciwon bai fita ba, yana nan ya yi gida a hancina, yana sauka cikin tukunya. A sunan da aka yi a maƙwabta na ɗauki muciya zan taya tuƙi, aka karɓe a hannuna da murmushi, wai in huta. Na dawo gida na zauna gaban tukunyar Iya, na ji kunyarta kamar tana raye. Da sunanta ake sayen daddawar gidan nan tun kafin a haife ni, ga shi a hannuna zai mutu.

Na yi fushi da ke, ƙawata, fushin da ban taɓa yi da kowa ba. Abin haushin kuma, da abin ya yi mini yawa, ke na fara tunanin in kira in faɗa wa. Har yau in na ga farar mota ta tsaya a bakin titi sai na leƙa. Ban ce bincikenku banza ne ba. Na san akwai irina a Tajaye da Alela da ke fama a ɓoye, kuma ina so a san da su a taimake su. Amma ba a kaina za a koya ba.

Abu ɗaya nake roƙo, ba kuɗi ba, ba sabulu ba. Ki dawo. Ki tsaya inda kika tsaya, ki riƙe lasifikar nan, ki faɗa musu abin da ke da lokotoronku kuka sani, cewa ciwon ya daɗe da barin jikina kuma ba ya shiga tukunya. Sannan ki zauna a gabansu ki ci tuwo da miyata, ki suɗe hannu yadda kika yi a ɗakina. Maganata ba za su ji ba, taki suka ji da farko.

In kuma ba za ki zo ba, to akwai gyara a takardarku. Ki nemo ta, ki je tambayar nan ta ko mutane sun guje ni. Ki goge a'a, ki sa e. Inda aka ce tun yaushe, kada ki rubuta shekarar ciwo. Ki rubuta ranar da kika dawo.

Allah Ya tsare ki da iyalinki. Allah Ya rufa miki asiri duniya da lahira, kada Ya nuna miki ranar da za a juyo a kalle ki a tabarma. Allah Ya ji ƙan Iya, Ya sa kada sana'arta ta ƙare a hannuna. Amin.

Ban san lambar da kuka sa mini ba. Ni ce ƙawarki,
Ramatu mai daddawa, Tsarnawa.