Jan Murjani a Farantan Afiniki

Kafanchan,
Oktoba, 1977.

Zuwa ga yayana Rufus,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi, da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da matarka Catherine da yara. Kullum muka zauna addu'ar safe sai mun ambaci sunanka, muna roƙon Allah ya tsare ka duk lokacin da aikin karatunka ya shigar da kai tekun nan na Mombasa, ya kuma dawo mana da kai cikin ƙoshin lafiya. Mama tana Kagoro, ƙafar ce dai ke damunta in gari ya yi sanyi, amma tana lallaɓawa zuwa sujada da sandarta. An yanke acca, ta yi kyau bana, citta kuma tana ƙasa tukuna. An mai da maigidana Zamani wata makaranta a Zonkwa, yana zuwa yana dawowa a kan babur. Ni kuwa ajina ya cika maƙil tun da aka ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta, wasu a ƙasa suke zama.

Yaya, na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, domin labarin da zan ba ka ba mai daɗi ba ne. Maganar ƙanwarmu Afiniki ce da 'yarta Mildred. Dukansu suna da rai, kada hankalinka ya tashi fiye da kima, amma ka zauna ka karanta har ƙarshe.

Ka tuna littafin nan mai hotunan ƙarƙashin teku da ka aiko wa Afiniki bara waccan, da ka ji ta koma ginin tukwane da farantai. Ban taɓa ganin abu ya kama zuciyar mutum kamar yadda littafin nan ya kama tata ba. Da yake Turancinta bai yi nisa ba, sai ta riƙa zuwa gidana bayan an tashi makaranta, ina karantawa ina juya mata da Hausa, ita kuma tana kallon hotuna tana tambaya. Ranar da na karanta mata cewa murjani, dangin wanda mata ke ratayawa a wuya, ba dutse ba ne, gidan wasu 'yan ƙananan halittu ne masu rai, sai ta ce in sake karantawa, ko na yi kuskure. Muka koyi cewa kowace halitta tana gina wa kanta ɗan mazauni na farin alli, in ta mutu 'ya'yanta su ɗora nasu a kai, har abin ya zama tudu a cikin ruwa. Muka koyi cewa akwai wata 'yar ƙaramar gansakuka da ke zaune cikin jikinsu tana samar musu abinci daga hasken rana, shi ya sa ba sa rayuwa sai a ruwa mai haske marar zurfi, kuma in kogi ya kwaso laka ya zuba a kansu sai su shaƙe. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne wata halitta mai ƙaya, mai siffar tauraro, wadda ke hawa kansu ta cinye, ta bar wurin fari fat. Ta ce ashe har a teku akwai fari masu cin amfanin gona.

Daga nan ta fara zana su a farantai da kwanonin yumɓu. Ba ta yarda ta zana abin da ba ta gane ba. In za ta yi mai rassa kamar ƙahon barewa, sai ta sa na nemo mata irin kifin da ke fakewa a cikinsa, don kada ta haɗa shi da wanda ba maƙwabcinsa ba. Matar da ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce na gangaren Matsirga da ke nan kusa da mu ba, sai ga ta tsaye a kasuwa tana yi wa mutane bayanin cewa nan ne kifi ke yin ƙwai, kuma in tudun ya mutu masunta ne za su kwana da yunwa. Kayanta suka yi farin jini. Matan zumuntar coci suka saya, malaman makaranta suka saya, aka riƙa ba amare. Mijinta Gilbert har kanta ya kafa mata a zaure.

Abin da ya dame ta shi ne launi. Jan ƙasarmu in an gasa shi sai ya dushe, ba ya ƙyalli irin na hoton. Wani mutum da ya taɓa aikin tangaran a wajen Jos ya nuna mata dabara: a fasa tsohon batirin mota, a kwashe dalmar da ke ciki, a ƙona ta, a daka ta zama gari, a dama da jan ƙasa a shafa kafin a gasa. Da ta gwada, farantan suka fito sumul suna sheƙi kamar na kanti. A tsakar gida take dakan garin, Mildred tana wasa kusa da ita. In za ta ja siririn reshe kuma, da leɓe take gyara tsinin buroshi. Ba wanda ya san akwai wani abu a ciki, har shi wanda ya koya matan.

Tun farkon damina Afiniki ta fara kukan ciwon ciki, muka ce tsutsa ce, aka sha magani. Cikin da take da shi ya zube, muka ce nufin Allah ne. Ta rame, ta zama mai saurin fushi, ita da ka sani da dariya. Sai wata rana buroshi ya faɗi daga hannunta, ta kasa ɗaga wuyan hannun, ya lanƙwashe yana reto. Muna cikin wannan, ran wata Lahadi ana tsakiyar waƙa a coci, Mildred ta sandare a cinyar ubanta, idanu suka juye, kumfa na fita a baki. Gilbert ya ruga da ita asibitin mishan, Afiniki na bin sa ba takalmi.

Allah ya sa likitan ya lura da hannun uwar. Ya buɗe bakinta, ya ga wani baƙin zare a dasashinta, ya tambayi irin aikin da take yi. Da ta faɗa masa, ya aika aka kawo garin da faranti ɗaya. Ya ce gubar dalma ce ta taru a jinin su biyun. Ya ce babba yakan farfaɗo a hankali in ya rabu da abin, amma yaro in ta taɓa masa ƙwaƙwalwa ba kasafai yake komawa yadda yake ba. Mildred ta tashi, tana ci, tana tafiya, amma tun ranar ba ta ce uffan ba. Yarinyar da ke rera waƙar Lahadi tun daga farko har ƙarshe, yanzu in ka kira sunanta sai ta dube ka kamar baƙo.

Likitan ya ƙara da cewa farantan kansu haɗari ne, musamman in an zuba abu mai tsami, kamar kunun tsamiya ko gwaten yakuwa, domin tsamin yana jawo gubar cikin abinci. Da Afiniki ta ji haka, daga kan gadon asibiti ta fara kiran sunayen waɗanda suka saya, tana roƙona in je in karɓo. Fasto ya yi sanarwa a coci. Ni da Lucia, shugabar zumuntar mata, muka bi gida gida da kwando, nan Kafanchan da Kagoro har Manchok. Wasu suka ba mu da hawaye, wasu suka zage mu, wata amarya kuwa ta ɓoye nata ta ce kyautar uwarta ce, sai da mijinta ya sa baki. Da aka sallami Afiniki muka haƙa rami a bayan gari. Ta ce ita za ta fasa, amma hannun bai iya riƙe dutse ba, sai ta zauna a ƙasa tana kallo Gilbert yana yi. Ba duka muka samu ba. Wani ɗan kasuwa ya kwashi da yawa ya hau jirgin ƙasa da su, ba wanda ya san sunansa ko garin da ya sauka. Wannan ne ke hana ta sukuni. Ko tana cin abinci sai ta tsaya ta ce wa ya sani ko yanzu haka wata uwa tana zuba wa ɗanta kunu a ciki.

Yanzu ga dalilin da ya sa na rubuto. Dangin Gilbert ba su yarda da maganar likita ba. Kawunsa, Baba Kumai, wanda shi ne babba a gidansu, ya ce tun kakanni mata ke ginin tukwane ba a taɓa ganin yumɓu ya kurmantar da yaro ba. A cewarsa, abubuwan ruwa ta zana ta kawo cikin gida, masu ruwan kuma suka biyo kayansu suka ɗauki muryar yarinyar, kuma kai ne ka aiko da su daga teku. Na kai masa bayanin likita, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce in gai da Mama. Sun yanke cewa da zarar an gama girbin dawa za su zauna, su ɗauke Mildred su kai ta ƙauye wurin goggon Gilbert, inda babu asibiti ko kusa, Afiniki kuma ta koma gidanmu sai abin da hali ya yi. Gilbert ba ya so. Ya zo wurina ya yi kuka kamar yaro, amma ya ce Baba Kumai ne ya rene shi bayan rasuwar ubansa, bai san yadda zai ɗaga ido ya musa masa ba. Fasto ya je sau ɗaya, aka karɓe shi da mutunci, aka sallame shi da kaza.

Yaya, tun da Baba ya rasu kai ne bakin gidanmu. Ni mace ce, ranar zaman nan a waje za su bar ni. Ina roƙonka ka rubuta wa Baba Kumai da hannunka, da Hausa, cikin ladabi, ka faɗa masa cewa kai da kanka kana nutsewa kana taɓa abubuwan nan, halittun Allah ne kamar gara da ƙudan zuma, ba su bi kowa gida ba. Ka roƙe shi ya jinkirta zaman har ka zo. In akwai yadda za a yi ka zo kafin Kirsimeti, ka zo, ko da kai kaɗai ne. Sannan likita ya ce akwai wata allura da ke fitar da dalma daga jini, amma ba su da ita a nan. Ka tambayi likitocin wurinku ko ana samu, da yadda za a yi ta iso. Kada kuma ka ɗora wa kanka laifi saboda littafin. Afiniki da kanta ta ce in faɗa maka haka.

Ka gai da Catherine da kyau, ka ce na gode da zanen da ta aiko wa Mama. Ka shafa mini kan Jonathan da Selina. Mama tana gaishe ku, ta ce kullum tana azumi dominku. Zamani da Lucia suna gaisuwa, Gilbert ma ya ce in gaishe ka, ko da yake kunya ta hana shi rubutowa. Afiniki tana gaishe ka ƙwarai. Ka kula in za ka rubuto mata, domin har yanzu ba mu faɗa mata abin da dangin mijinta suka shirya ba. Jiya ta kira ni in tsefe wa Mildred kai, tun da hannunta ba ya iyawa. Ta zauna gefe tana riƙe da ƙafar yarinyar, tana faɗa mini irin kitson da za ta yi mata da kanta ranar Kirsimeti in hannun ya warke. Na ce mata zai yi kyau.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce ƙanwarka,
Hellen.