Kada a Sake Rufe Waƙoƙin Nan

Da sunan Allah. Ni ce mahaifiyarku, ina cikin hankalina, ba wanda ya tilasta ni. Jiki ne kawai ya gaji. Hannuna ba ya riƙe biro, shi ya sa Auta ta ajiye littattafan jarrabawarta take rubutawa, na kuma hana ta gyara mini magana.

Ku sani hankalina a kwance yake. Abin da nake tsoron in tafi in bari, Allah ya warware shi.

Na ɗaya, waƙoƙin da muka yi da Baba Dogo mai jita. Kun tashi kun tarar ba ma ga maciji da shi, amma ba ku ga farkon abin ba. A wani ɗan ɗaki muka ɗauke su, kwalayen ƙwai manne a bango, fanka a kashe don kada ƙararta ta shiga, gumi har ƙafa. Shi ya kawo kiɗa, ni in ɗora baiti. Wani lokaci ya gyara mini kalma, ni in sauya masa amo. A zamanin, ka ce wa aboki ku rubuta kason kowa, kamar ka kira shi ɓarawo ne. Da waƙoƙin suka hau intanet, 'ya'yansa suka yi musu rajista da sunansa, kai ma Babba ka yi da nawa. Kamfanin da ke yaɗa su a intanet ya ga gida biyu na jan abu ɗaya, sai ya sauke su duka har mu daidaita. Shekara da shekaru suna rufe, ba mai ji, ba mai ci. Ba tsuntsu ba tarko.

Makon jiya ya zo dubiya yana dogara sanda. Ya ce na tsufa, na tuna masa ya riga ni. Washegari muka sa hannu gaban lauya, rabi nasa rabi nawa a kowace waƙa. An mayar da su.

Na biyu, Babba. Na san kana ganin an ƙware ni, kana cewa waƙar jirgin nan tawa ce ni kaɗai, har ka fara neman wani lauya. Kalmomin nawa ne, gaskiya. Amma cire jitar da ke buɗe ta, ka ga ko wani zai tashi rawa. In ka koma da ƙara, za a sake sauke su, kuma wannan karon ba ni nan balle in sa hannu. Ban yarda ba. Rabin waƙar da ake ji ya fi cikakkiyar da ke kulle. Lasifikoki da na'urar haɗa sauti na ba ka su tun ina raye. Ka ci gaba da ba da su haya, ka kuma daina jin nauyin karɓar kuɗin haya a hannun abokai.

Na uku, Kanari, ke da kika gaji muryar. Makirufona naki ne. Duk takardar da aka ce ki sa wa hannu yanzu-yanzu, ki naɗe ta ki kawo gida. Ki tambaya shekara nawa ce, kuma in kin fita, muryarki a hannun wa za ta zauna. In kun gama waƙa da wani, ku rubuta kason kowa kafin ku bar ɗakin, tun ana dariya. In an tashi daga wasa, ki sallami makaɗa kafin ki cire takalmi.

Na huɗu, rabona a waƙoƙin. Abin da ya shigo a raba muku yadda shari'a ta tsara, amma kada a yayyanka su, wannan ta wane, waccan ta wance. Kada kuma a sayar da su gaba ɗaya, komai daɗin bakin mai saye. Mai son ɗaya don talla ko fim, sai ku ukun kun zauna da gidan Baba Dogo kun amince. Da gangan na yi haka, don dole ku riƙa ganin fuskar juna. Auta ba ta da yawan magana, a jira ta har ta faɗi nata.

Na biyar, ba wanda ke bina komai sai Baba Dogo. Tsohon akwatin jitarsa yana ƙarƙashin gadona tun kafin rigimar. Babba, kai za ka kai masa da hannunka, ka zauna, ka sha ruwan gidan.

Abu na ƙarshe. Mai askin da ke tsallaken titi, wanda na sha aika ku ku roƙe shi ya rage ƙarar fasasshiyar lasifikarsa, jiya da hantsi waƙar jirgin ya sa. Na ji jitar ta shigo ta taga, sannan muryata ta biyo, ta lokacin da nake da numfashi. Kada wanda ya sake ce masa ya rage, ko da ranar da mutane suka taru yi muku gaisuwa ce.

Na yafe muku duka, ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya ba ku masu yi muku abin da kuka yi mini. Ku riƙe juna, ku bar tagar nan a buɗe.