Man da Suruki Ya Aiko

Bakin Dam, Laraba

Ƙanwata Hajara,

Assalamu alaikum. Yaya Tarauni, yaya maigidan naki Murtala? Mu nan sai godiya. Sabis ya sake ɗaukewa, shi ya sa na ba Sama'ila direban motar kifi wannan takarda.

Galan ɗin baƙin man da Murtala ya aiko wa Baba ya iso. Wai sintetik, garau kamar man gyaɗa. Baba har maƙwabta ya kira suka gani. Muka juye tsohon man, muka zuba sabon a injin jirginmu na fito. Da farko sai daɗin ƙara, daga baya sai ga yoyo. Kin san injin nan ya girme ki. Ashe dauɗar shekara da shekaru ce ta toshe masa kafofi, man zamani kuwa ya wanke ta tas. Yanzu kullum da safe sai na kwashe mai a cikin jirgi.

Na ce wa Baba mu koma wa mai kaurin da muka saba. Wallahi kamar na zage shi. Ya ce ashe ba ni da kunya, suruki ya yi maka kyauta ka ce ba ta yi ba? Injin nan shi ne cinmu, shi ne shanmu. Ke ce kusa da mijinki, ki lallaɓa ki ce masa ya bari haka.

Ki gaishe shi. Yayanki, Garba.

Tarauni, Lahadi

Yaya Garba,

Amin wa alaikumus salam. Ina fata Baba da Inna suna lafiya, da ku duka.

Yaya, na kasa. Ranar da saƙon godiyar Baba ya iso, Murtala sai da ya yi ƙwalla. Ka san tun aurenmu hannu Rabbana yake zuwa gidanmu, abin yana cinsa ko bai faɗa ba. 'Yan uwansa masu adaidaita sahu a Gyadi-Gyadi ne suka ce masa man nan yana ƙara wa inji kwana. Abincin rana ya daina ci a waje don ya saya. Ko keken da yake ja bai taɓa zuba wa irinsa ba, ya ce Baba ya fi cancanta.

Jiya na buɗe baki zan yi maganar, sai ya riga ni. Ya ce, "Hajara, yanzu ni ma na zama mutum a gidanku." To ka gaya mini, da wane bakin zan ƙarasa?

Ga galan na biyu nan a hannun Sama'ila. Don Allah ka ɓoye shi, ka zuba na da ɗin ba tare da kowa ya sani ba. In an kwana biyu zan san dabarar yi.

Ka gaida Inna. Taka, Hajara.

Bakin Dam, Juma'a

Hajara,

Bayan gaisuwa. Dabarar taki ba ta kai ko'ina ba. Baba ya kama ni da mazurari a hannu. Ya ce ya riga ya aika wa surukinsa cewa da man yake aiki, ba zai fara ƙarya da furfura ba. Ya ce in Murtala ya zo da Sallah ya duba inji ya ga wani man fa, ina zai sa fuskarsa? Haka muka ci gaba, muna zubawa ta sama yana zurarewa ta ƙasa.

Ranar kasuwar tsallake abin da nake gudu ya faru. Mun ɗauko mata da buhunan masara, mun kai tsakiyar ruwa, sai inji ya yi wata ƙara ya buga. Ga iska ta taso. Mata suka ɗauki salati. Ni da Baba muka kama filafili, kuma kin san ciwon kafaɗarsa. Allah ya rufa asiri, mun kai gaɓa ba wanda ya rasa ransa. Amma tun ranar ba wadda ta sake taka jirginmu, duk sun koma na Inuwa. Ban ga laifinsu ba.

Ban taɓa jin zuciyata ta mutu irin wannan ba. Baba kuwa sai dai ya zauna a bakin ruwa.

Mun ɗora injin a motar Sama'ila, zai kai wa wani bakanike, Malam Sulaiman, a Gyadi-Gyadi. Baba ya ce in Murtala ya ji daga bakinki bai yafe ba. Ni dai na isar.

Sai na ji daga gare ki. Garba.

Tarauni, Talata

Yaya,

Ina gaisuwa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Murtala ya ji, kuma ba daga bakina ba.

Birkin keke ya kai gyara layin garejin, sai ya hango injin a yashe a ƙasa, da sunan Baba da ka rubuta a jikinsa da fenti. Ya tambaya. Malam Sulaiman bai san ko shi wane ne ba, ya ce ai wannan ya gama yawo, sai dai 'yan gwangwan. Ya ce wani mai karambani ne ya ɗura wa tsohon inji man sababbi, su kuma masu shi suna ganin yoyo suka yi shiru.

Ya shigo gida ko sallama bai yi ba. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Tun yaushe kika sani?" Na faɗa masa. Bai yi faɗa ba, Yaya, da ma ya yi. Cewa ya yi, "Da ɗan gida ne ni, da Baba ya ce mini kai Murtala, man nan naka bai yi ba. Ashe har yau baƙo ne ni. Na kashe wa tsoho abinci, ana ta yi mini godiya."

Ya ce ba zai iya haɗa ido da Baba ba, ba da Sallar nan ba, ba bayanta ba. Ya ce ni in tafi in ina so. Na yi kuka har na gaji. Mun so mu kare masa mutunci, ga shi ba injin, ba shi.

Ka sa mu a addu'a. Ƙanwarka, Hajara.

Bakin Dam, kashegarin Sallah

Hajara,

Barka da Sallah. Inuwa ya ɗauke ni yaron jirgi. Baba kuwa ya koma jefa koma a gefen ruwa, abin da ya bari tun muna yara.

Jiya ya ware babbar tarwaɗa ya sa Inna ta yi farfesu, ya ce na surukinsa ne, kada a taɓa. Daga idi ya wuce bakin hanya, duk motar da ta tsaya sai ya miƙe. Da la'asar ya ja ni gefe ya ce, in sun iso, in ce injin yana wurin ɗan gyara, kada ran yaron ya ɓaci.

Na ce to, Baba.

Ki gaida Murtala. Garba.