Takalmin Baba Mai Tsinin Baki

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya gida, ya Inna, ya jikin Baba? Na rubuto ne maimakon in kira, don kin san wayar gidanmu a aljihun Baba take kwana, kuma maganar nan ba na so ya ji.

Aiki alhamdu lillahi. Amma Yaya, mutanen garin nan ƙafa suke fara kallo kafin fuska. Ranar da na fara zuwa ofis da buɗaɗɗen takalminmu na gida, wata ta dube ni ta ce, "Kai ba ɗan nan ba ne ko?" Ban ko buɗe baki ba, yatsuna sun riga sun tona mini asiri. Su nan rufaffe suke sawa, mai tsinin baki, sai ƙyalli yake yi.

Irinsa nake so a ɗinka wa Baba. Na sami wani mai ɗinkin takalma, fatarsa ta gaske ce, in ka lanƙwasa ta sai ta koma yadda take, ƙasan kuma ɗinki ne ba gam ba. Ki zana mini ƙafar Baba a kwali, ki ba direban motar haya mai zuwa nan ya kawo. Don Allah kada ya sani.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, Inna na gaishe ka. Takalmi ya iso, kuma ka jawo mana aiki. Da ma ka ga yadda na yi zanen nan! Sai da na jira ya koma barcin safe, na lallaɓa na kara kwalin a tafin ƙafarsa, Inna na gefe ta toshe baki kada dariya ta kuɓuce mata.

Tun da ya sa shi, salla kaɗai ke raba su. Kullum yana bencin ƙofar shagon mai aski, ƙafa ɗaya kan ɗaya, duk wanda ya wuce sai ya ji cewa Auta ne ya aiko. Mai aski ya ce takalmin ke fara yin sallama kafin Baba ya iso.

Sai dai na ga yana ɗingishi da yamma. Na tambaya, ya ce gwiwa ce. Safarsa kuma yanzu da kansa yake wankewa, mutumin da ko hularsa bai taɓa wankewa ba.

Allah ya yi maka albarka.
Yayarka

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Ka fara da hamdala kafin ka ci gaba da karatu: Baba na nan, ƙafarsa na nan, yatsunsa sun cika.

Ba gwiwa ba ce. Inna ce ta ɗaga katifa ta ga safa da jini. Da ƙyar muka sa ya nuna ƙafar, sai ga gyambo a ƙaramin yatsa, har gefensa ya fara baƙi. Nan take muka nufi asibiti da shi. Ka san ciwon sugansa, ciwo ba ya saurin warke masa. A asibiti likita ta ce da mun ƙara jinkiri, yatsan za a yanke, wataƙila ma abin ya wuce yatsa. Yanzu ana wanke masa kullum, nama ya fara tsirowa. Sai jiya na iya cin abinci kamar mutum.

Da na ba likita labarin zanen, sai ta kama haɓa. Ashe a tsaye ake zana ƙafa, kuma da yamma, lokacin da ta baje ta ɗan kumbura. Mu kuwa ƙafar mai barci muka aika maka. Mai ɗinkinka bai yi laifi ba, abin da ya gani ya ɗinka.

Saura rigima ɗaya. Baba ya ga ciwon tun farko, ya ɓoye don kada mu ƙwace takalmin. Yanzu ya tura shi ƙarƙashin gado, ya ce da ya warke zai mayar. Na yi lallashi, na yi faɗa. Cewa ya yi, "Abin da yaron nan ya fara yi mini da guminsa ke nan, ke ki ce in ajiye?" Kai ne ɗan lelensa, sai ka san yadda za ka yi da shi.

Yayarka

*

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa cikin ladabi, Allah ya ƙara sauƙi, ya ƙara girma.

Baba, na ji komai, kuma na yi kuka a ofis, ban ji kunyar kowa ba. Ba zan ce ka yar da takalmin ba. Roƙona ɗaya ne: a kai shi wurin mai gyaran takalma na bakin layinmu, ka tsaya da ƙafarka da yamma ya auna. Ya yanke tsinin, ya buɗe gaban, ya faɗaɗa shi irin namu na gida. Fatar mai kyau ce, za ta jure. Yayin mutanen nan don ƙafafunsu aka yi shi. Ni ƙafar da ta riƙa raka ni zuwa makaranta nake so in tarar idan na zo.

Ɗanka mai biyayya,
Auta

*

Auta,

Amin, wa alaikumus salam. Na warke, likita ta sallame ni. Yatsa aka tashi yankewa, sai muka yanke takalmi a madadinsa.

Mai gyara ya yaba fatar, ya ce ka iya zaɓe. Yanzu baya irin nasu, gaba irin namu, yatsuna na shan iska. Jiya mai aski ya juya shi sama da ƙasa, ya ce shi dai bai san garin da ake sa irin wannan ba. Na ce masa ba na kowane gari ba ne, na ɗana ne.

Allah ya yi maka albarka. In za ka zo, ka zo da rana. Na daina barcin safe a gidan nan, tun da na ji ana zana ƙafar mai barci.

Babanka