Bulalar da Aka Damƙa wa Ummi

Assalamu alaikum, Inna.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya haskaka makwancinki a Zandam. Na san saƙo ba ya isa inda kike, amma na rasa wanda zan faɗa wa, zama ma ya gagare ni.

Maganar takwararki ce, Ummi. Kin bar ta tana rarrafe, yanzu tana ƙaramar sakandare a nan Birnin Kudu, kuma kanki ta ɗauko wajen lissafi.

Malaminsu yana da wata al'ada. In ya yi tambaya, wanda ya amsa daidai shi zai karɓi bulala ya zane duk waɗanda suka kasa. In ya sassauta hannu, malam ya karɓa ya gwada masa a jikinsa. Kullum Ummi ce da bulala, Inna, yarinyar da ko kaza ba ta iya kora.

Ran Laraba 'yan ajinsu suka tare ta a bayan kasuwa, suka yaga mata hijabi, suka fasa mata leɓe. Har da Hindatu, ƙawarta da suke cin tuwo kwano ɗaya a gidana. Makaranta ta dakatar da yaran na kwana biyu, wai doka ke nan. Malam kuwa ba wanda ya ce masa kanzil. Da na je, shugaban makarantar ya ce ai haka aka koyar da mu duka.

Na tuna ranar da na bar awaki suka shiga gero, Baba ya miƙa wa Yaya tsumagiya don ya dake ni. Kika karɓe ta, kika ce, "Malam, in duka ne yi da hannunka, kada ka haɗa min 'ya'ya gaba."

Jiya Ummi ta dawo da shatin bulala a tafin hannu, tana murmushi. Ta san amsar sarai, ta yi shiru da gangan. Hindatu ce ta dake ta, kuma tare suka taho gida. Rabon da in ga ta yi fara'a haka tun farkon zango. Tsoro nake ji, Innata, kada ta saba da wannan shirun.

Gobe zan koma makarantar, ko za su kore ni.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki. Ni kuma Ya ba ni irin hannun da kika karɓe tsumagiyar nan da shi.

'Yarki mai kewarki,
Maman Ummi