Hannun Baba

Ibadan, 4 ga Maris, 1994

Zuwa ga Yaya Zulai,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Inna da yara. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin rubuto cewa hannunsa na dama ya ƙara ramewa, ko karan ɗori ba ya iya ɗaurewa. Na kasa cin abinci ranar. Hannun nan ne fa ya sa ake sauke masu karaya a ƙofar gidanmu na Aliero, daga Liba, daga Maiyama, wani a amalanke, wani a bayan jaki. Kin tuna mahaucin Jega da ya yi ta ihu, Baba yana ja masa ƙafa yana tambayarsa kuɗin tsire? Mu kuwa muna laɓe bayan rumbun albasa muna dariya.

Kin tambayi aikin da nake yi. Ƙwayoyin jijiya nake dubawa a madubin bincike. Akwai sinadarin kalsiyam, wanda in ya yi musu yawa sai su mutu. Wasu suna da furotin da ke kama shi, kamar tsumma ya tsotse ruwa, sai su tsira. Masu motsa hannu da ƙafa ba su da furotin ɗin sosai. Masu motsa ido kuwa suna da shi, shi ya sa irin ciwon Baba kan bar ido.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanenki,
Waliyyu

Ibadan, 19 ga Afrilu, 1994

Yaya Zulai,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, takardarki ta iso, kuma raina ya ɓaci. Ke da rawar kai! Daga karanta masa wasiƙata sai kika ce masa na gano magani? Ga shi kin ce har ya hana a mayar da masu karaya, wai su jira ni in zo hannunsa ya dawo.

Yaya, babu magani. Dalili kawai muka fara ganewa, shi ma a jikin ɓera. Wallahi da akwai, da ƙafa zan tako in kawo.

Ku tura mutanen nan wurin Kawu Arzika ya yi musu ɗori tun ƙashi bai haɗe a karkace ba. Ina tafe bayan Sallah. Amma don Allah ki gaya wa Baba gaskiya kafin in sauka a tashar Jega. Zan iya jure ganin hannunsa. Abin da ba zan iya ba shi ne in yi sallama ya ɗago ido ya dubi jakata.

Naki,
Waliyyu